Ranar da na keta danja a Utrecht

Ban yi minti goma da fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht na ƙasar Holan ba aka kusa bankaɗe ni. Ina jan akwatina, idona na kan gine-gine, sai na ji ƙararrawa a bayana, kafin in waiga ƙanena ya fizgo hannun rigata. Wata mata ce a kan keke, da ƙaramin yaro zaune a kujerar da aka ɗaura a gaba, ta wuce ta daidai inda ƙafata take. Ko kallona ba ta yi ba.

"Yaya, dubi ƙasa," in ji ƙanena. "Duk inda ka ga jar kwalta, hanyar keke ce. Kada ka tsaya a kanta ko da igiyar takalmi za ka ɗaure."

Raina ya ɓaci, ban dai ce komai ba. Na fi shekara ashirin ina tuƙa mota, kuma tun tuni na gama yanke wa masu keke hukunci a zuciyata: mutane ne da suke ganin doka ba da su take ba. Mai keke zai shigo maka ta hannun da ba nasa ba, ya ratsa tsakanin motoci, ba fitila ba alamar juyawa, in ka taɓa shi kuma kowa ya taso maka. Da wannan ra'ayi na sauka a filin jirgin Schiphol a ƙarshen watan Afrilu, sai ga matar nan ta ƙara ƙarfafa mini shi, alhali ni ne na tsaya mata a hanya.

Kafin mu kama hanyar gida ƙanena ya ce sai ya ɗauko kekensa da ya ajiye da safe. Ma'ajiyar kekunan tana nan jikin tashar, hawa uku, tana ɗaukar keke 12,500, an kammala ta a 2019. A kan keke ake shiga cikinta, ana tuƙi ana duba allunan da ke nuna layin da ke da gurbi. Kekuna a jere sama da ƙasa, iya ganinka. Na sha jin cewa a Holan kekuna sun fi mutane yawa, amma gani ya kori ji. Muka ɗora akwatin a bayan keken, muka taka.

Washegari da sassafe na fita ni kaɗai, na samu wuri a bakin titin Vredenburg, inda masu keke fiye da 30,000 ke bi a kullum. Da manufa na fita: laifi na je nema. Kuma na samu. Danja za ta nuna ja, jama'a su tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa, sai wani saurayi ya fito daga baya, ya kalli hagu ya kalli dama, ya wuce abinsa. Wata yarinya na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da waya, duk da tun watan Yulin 2019 aka haramta riƙe waya a kan keke a ƙasar. Wani ya juya ba tare da ya miƙa hannu ba, na bayansa ya matse burki yana masifa. Na koma gida da ƙarfina, na ce wa ƙanena ashe ko a nan ɗin ma haka suke.

Ya ce, "Yaya, waɗanda suka tsaya nawa ka ƙirga?"

Ban ƙirga ba. Idona bai ma tsaya a kansu ba, su da suka ninka masu wucewar sau ba adadi. Mutum ɗari za su tsaya shiru, ba ka ganin su. Guda ɗaya ya keta, shi za ka ɗauka ka tafi da shi gida, ka sa wa sauran sunansa.

A rana ta uku aka ba ni keke. Tsoho ne, baƙi, mai nauyi, burkinsa a feda yake, sai ka murza baya yake kamawa. 'Yar ƙanena, mai shekara goma sha ɗaya, ita aka haɗa ni da ita, domin a lokacin tana shirin jarrabawar hanya da ake yi wa yaran firamare a can, kan ta cike yake da dokoki. Ita ta nuna mini fararen zane masu kusurwa uku da ake jerawa a bakin mararraba, waɗanda suke kira haƙoran kifin shak. In tsinin haƙoran na kallonka, kai ne za ka ba da hanya. In mararraba ba ta da wata alama, wanda ya fito ta damarka shi ke da hannu, ko mota ce ko keke. Kafin ka juya ka waiga ta kafaɗa, sannan ka miƙa hannu. Ta kuma nuna mini tituna da aka kafa wa allo cewa na keke ne, mota baƙuwa ce a kansu, dole ta bi a hankali a bayanka.

Abin da ba ta iya koya mini ba, jikina ne ya koye shi da kansa. Ranar farko da wata bas ta wuce ta gefena, iskarta ta kaɗa mini riga, na ji cikina ya ɗuri ruwa. A cikin mota, tazarar kamu biyu tsakaninka da mai keke wadata ce, har kana ganin ka yi masa adalci. A kan keke kuwa, tazarar nan ita ce tsakaninka da kabari. Sau nawa na wuce mutane haka? Ban taɓa tambayar kaina ba sai ranar.

Kwana biyu bayan nan hannuna ya faɗa, tsoro ya ragu, na fara jin daɗin abin. A nan ne kuma na aikata abin da na shekara ashirin ina zagin wasu a kansa.

Da la'asar ne, muna dawowa daga kasuwa ni da yarinyar, ana yayyafi, iska na bugun mu ta gaba. Na samu keken ya miƙe da ƙyar bayan wata 'yar gada, sai na hango danjar masu keke ta koma ruwan ɗorawa. Mutum biyu na gabana, ba su rage gudu ba. Ta koma ja ina ganinta da idona. Na san ja ce. Amma tsayawa na nufin in sauke ƙafa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, in sake tayar da keken daga farko a cikin iskar nan, ga na gabana sun wuce lafiya, ga mararrabar kamar babu kowa. Duk wannan lissafi a cikin ƙiftawar ido na yi shi, na danna feda.

Wata farar motar ɗaukar kaya ce ta fito ta hagu, an ba ta hannu. Na ji ƙarar taya a kan ruwa, na murza burki baya, keken ya zame ya karkace, na dire ƙafa. Da na ɗago, gaban motar na kusa da gwiwata, in na miƙa hannu zan taɓa fitilarta. Direban saurayi ne, bai kai ɗana na fari ba. Bai danna oda ba. Ya sauke gilashi ya faɗi wata magana da yarensu da ban fahimta ba, amma ba maganar ce ta tsaya mini ba. Hannunsa ne, da yake kan sitiyari yana karkarwa. Fuskarsa ta yi fari fat. Yaron nan tsoro ya ji, tsoron da na sani sarai, domin ni ma na taɓa zama a kujerar da yake zaune, na ga mutum ya faɗo mini gaba kamar an jefo shi. Na ɗaga masa hannu na ba shi haƙuri, na ja keken zuwa gefe.

Da na waiwaya, yarinyar na can a bayan layi, ƙafarta a ƙasa, ruwa na ɗiga daga hularta. Sai da danja ta ba ta hannu ta tsallako. Ta zo kusa da ni, ta ce a hankali, "Baffa, ja ce fa." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba har muka isa gida. Da ta biyo ni fa? Wannan tambaya ta hana ni barci daren nan.

Bayan sallar isha na ba ƙanena labari. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya gaya mini abin da ya ƙara dagula mini lissafi: da yaron nan ya buge ni, da ko a haka sai inshorar motarsa ta biya aƙalla rabin asarata. Sashe na 185 na dokar hanya ta Holan ya ɗora wa mai abin hawa mai inji alhakin diyya in ya yi karo da mai keke ko mai tafiya a ƙasa, sai fa in ya nuna cewa abin ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya. Kotun ƙolin ƙasar kuma ta kafa ƙa'ida a kan haka: in wanda aka buge yaro ne da bai kai shekara 14 ba, diyya cikakkiya ake ba shi ko da shi ya yi kuskure, in babba ne, ba ya samun ƙasa da rabi, sai in da gangan ya jefa kansa ko ya yi ganganci mai kama da haka. Maganar diyya ce, ba ta ɗauri ba, kuma mai keken da ya keta danja tara na nan tana jiran sa.

Na ce masa wannan ai zalunci ne. Yaron nan bai yi laifin komai ba, ni na keta.

"Haka ne, Yaya," in ji shi. "Amma dokar ba wanda ya fi kirki take tambaya ba. Tambayarta ita ce, wa ya zo kan titi da abin da zai iya kisa?"

Na daɗe ina juya maganar nan, har yau ban gama amincewa da ita ɗari bisa ɗari ba, domin fuskar yaron nan ba ta bar idona ba. Sai dai akwai gaskiyar da ba zan iya musu ba. Ni da kekena ba mu fi kilo ɗari da 'yan kai ba, ƙaramar mota kuwa tana kusan tan guda. Mai keken da ya keta doka, galibi ransa ya sa a caca. Direban da ya keta doka, ran wani ya sa. Laifi biyun sunansu ɗaya a takarda, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne a asibiti.

Ranar Asabar muka ɗauki motarsa zuwa Delft ziyarar wani abokinsa. Ƙanena direba ne mai natsuwa, ba na ƙin faɗa. In zai buɗe ƙofa da hannun da ke nesa da ita yake buɗewa, don jikinsa ya juya dole ya ga ko keke na tahowa. In zai juya dama sai ya leƙa ta kafaɗa sau biyu. Amma da muka shiga wata unguwa mai allon kilomita 30, na kalli mitar gudu, allurar na kan 40. Titi shiru, gidaje dama da hagu, motoci a fake a jere, irin wurin da yaro ke fitowa daga tsakanin motoci biyu yana bin ƙwallo. Na nuna masa.

"Kowa haka yake yi, Yaya. Ai ba kowa a hanyar."

Na ji maganar kamar daga bakina ta fito, domin ita na gaya wa kaina a gaban jar danjar nan. Ba kowa, kuma na gabana sun yi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bambancin kawai shi ne nasa laifin ba ya ganuwa. Mai keken da ya keta danja, duk wanda ke mararrabar ya gan shi, har da na cikin shago. Direban da ya ƙara kilomita goma a kan ƙa'ida kuwa kamar kowa yake tafiya, ba mai nuna shi da yatsa, shi kansa ba ya jin ya yi wani abu. Alhali ƙarfin bugu ba a hankali yake ƙaruwa ba: in gudu ya ninka, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkawa, saboda haka tsakanin 30 da 40 ya kusa ninki biyu. Mota mai gudun 30 tana cin mita takwas da 'yan kai a daƙiƙa guda, mai gudun 50 tana cin kusan mita 14, kuma daƙiƙar nan ita ce wadda ƙafarka ke ɗauka kafin ma ta isa burki. Waya a cinya, bin bayan mota kurkusa, taka totur don a riga ruwan ɗorawa, duk na yi su, kuma ban taɓa sa kaina a layin masu karya doka ba.

A hanyar dawowa da dare, wani mai keke ya ɓullo mana ba fitila gaba ba fitila baya, sanye da baƙaƙen kaya. Ƙanena ya yi tsaki ya ce mutanen nan ba sa ji. Shi ne fa mutumin da ke zuwa aiki a kan keke kwana biyar a mako. Da ya zauna a bayan sitiyari, masu keke sun koma "mutanen nan".

Abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar shi ne da na gane ba haka ƙasar ta taso ba. Akwai wani mashigin ruwa da ya kewaye tsohon garin Utrecht, ana kiran ɓangarensa na kusa da tasha Catharijnesingel. Na zauna a bakinsa wata safiya, ƙananan jiragen ruwa na wucewa, ciyawa kore shar. A shekarun 1970 an cike wannan wuri an shimfiɗa babban titin mota a kansa, sai a watan Satumban 2020 aka gama haƙe shi aka mayar da ruwan. Holan ma ta taɓa sallama garuruwanta ga mota, kuma ta biya da jini: a farkon shekarun 1970 sama da mutum 3,000 ke mutuwa a kan titunanta a shekara, cikinsu har da yara fiye da 400. Wani ɗan jarida mai suna Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe 'yarsa, ya yi rubutu mai zafi a kan lamarin, daga nan aka samu ƙungiyar iyaye da ta ɗauki sunan "A daina kisan yara". Suka riƙa tare tituna, suna zuwa gaban 'yan siyasa. Sai ga matsalar man fetur ta 1973, gwamnati ta hana fitar da motoci ranakun Lahadi na wasu makonni, mutane suka ga yadda garuruwansu suke in ba mota.

Na sha faɗin cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa in na ji labarin hatsari, in ɗauka magana ta ƙare. Iyayen nan ba su yarda ta ƙare a nan ba. Kuma abin lura, ba su tsaya roƙon direbobi su gyara hali ba. Titin suka sa aka gyara: aka raba hanyar keke da ta mota da dakali, aka matse titunan unguwa, aka ɗaga mararraba yadda dole ka rage gudu ko ba ka so. Tunanin da ke ƙarƙashin tsarin shi ne ɗan Adam zai yi kuskure, zai yi gaggawa, zai yi ganganci wani lokaci, to kada kuskurensa ya zama ajalinsa ko na wani. Motar da ta tsaya kusa da gwiwata ta tsaya ne domin yaron yana kula, haka ne, amma kuma domin mararrabar ba ta ba shi filin da zai kwaso gudu ba.

Ba zan ce komai nasu daidai yake ba. Ranar da na je Amsterdam na ga ruɗani na gaske: baƙi a kan kekunan haya suna tsayawa tsakiyar hanya ɗaukar hoto, masu kai saƙon abinci na tsere da lokaci, matasa a kan kekunan lantarki masu faffaɗar taya suna gudun da ya wuce kilomita 25 da doka ta yarda injin ya kai. Masu tafiya a ƙasa su ke shan wahalar masu keke a can, kamar yadda masu keke ke shan ta masu mota. A wurin tsallaka titi na ga wata tsohuwa da sanda ta daɗe tana jira, kekuna na wuce ta kamar ba su gan ta ba, alhali ita ke da hannu. Wannan rashin tausayi ne, ba shi da wani suna. Birnin ya rage gudun mota zuwa kilomita 30 a yawancin titunansa tun Disamban 2023, amma ladabin mai keke ga mai ƙafa da sauran aiki.

A can kuma, kusa da wata gada, tayar gaban keken wani dattijo ta faɗa cikin ramin layin dogon taragon cikin gari, ya kife a gabana. Ba mota, ba wanda ya taɓa shi. Kansa ya bugi kwalta, jini na bin gefen kunnensa, gilashin idonsa can gefe. Mutane suka taru, wata mata ta cire mayafin wuyanta ta danne wurin har motar asibiti ta zo. Ba hular kwano a kansa, kamar yadda babu a kan kusan kowa, domin doka ba ta tilasta wa mai keke sa ta ba. A 2023 mutum 684 suka mutu a titunan Holan, 270 daga cikinsu masu keke ne, sun fi na cikin motoci yawa, kuma tsofaffi ne da dama daga cikinsu. Ƙanena ya ce suna gudun kada tilasta hular ya sa mutane su bar keke. Na ji hujjar, amma ni da na ga kan dattijon nan a ƙasa, ba ta gamsar da ni ba.

Ana gobe zan taho, yarinyar ta ce in raka ta ta bi hanyar jarrabawarta. A kan titi na gaske ake yi musu ita, kowane yaro sanye da riga mai lamba, iyaye na zaune a kusurwoyi da takarda suna duba ko ya waiga, ko ya miƙa hannu, ko ya ba da hanya. Ita ce a gaba, ni a baya. Muka zo wani titi da ba a raba hanyar keke da dakali ba, fenti ne kawai, ga wata babbar mota tsaye a danja. Tsakaninta da bakin titi akwai fili, keke zai shige har gaba. Na fara karkata zan shiga, ta miƙo hannu baya ta tare ni.

"Baffa, tsaya nan. In ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba."

Na leƙa madubin. Sama nake gani a ciki da reshen bishiya. Muka tsaya a baya, ƙafa a ƙasa. Danja ta ba da hannu, motar ta ja gaba kaɗan kamar za ta miƙe, sannan ta karyo dama, tayoyinta na baya suka share filin nan kaf har suna gogar bakin titi. Yarinyar ta jira ta gama juyawa, ta waiga ta kafaɗarta ta hagu, ta hau feda. Na bi bayanta.